Na gama biyan bashina tun 2022, amma takarda tace ana bina

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya kuma na san ba ni kaɗai ba ne, don tunda abin nan ya same ni kusan duk majalisar da na ba da labarin sai wani ya gyara zama yace to ai nima an taɓa hana ni a banki ba a gaya min dalili ba, ko dai irin naka ne?

Ni tela ne, shagona na Tudun Wada nan Zariya, ina da yara shida da ke aiki a ƙarƙashina banda masu koyo. A 2021 na karɓi rancen naira dubu 300 a wani ƙaramin banki, ba zan kama suna ba don ba tozarta kowa ne ya sa nake rubutun nan ba, na ƙara keke biyu da ɗan janareta. Duk ƙarshen wata ni da ƙafata nake zuwa in biya dubu 33, wani watan ma sai an haƙura da nama a gida kafin kuɗin su cika, har Allah ya sa na gama kafin babbar sallar 2022. Ranar da na kai na ƙarshe na tambayi yarinyar da ke karɓar kuɗi nace shikenan ko da saura, ta duba tace Baba shikenan ka gama, Allah ya sa albarka. Na fito na hau mashin ɗina ina hamdala, a raina na ƙudurta ni da bashin ruwa har abada. Wanda zai ce tun farko me ya kai ka, na ji kuma na karɓa, amma ba ita ce maganar yau ba.

Bara na yi niyyar sayen injin aikin wuya na kwamfuta, wanda muke ce wa monogiram, don duk telan da ke garin nan ya san yanzu in ba ka da shi sai dai ka riƙa kwasar aikinka kana kai wa wani a Sabon Gari kana bin layi, rabin ribar ta tafi can. Na je ɗaya daga bankunan nan da ba sa ta'ammali da ruwa, tsarinsu su sayi injin su sayar maka da riba sananniya ka riƙa biya kaɗan kaɗan. Duk abin da suka nema na kai, BVN, NIN, hoto, takardar hayar shago, garanto biyu, ɗayan kawuna ne ƙanin mahaifiyata, dattijo ɗan fansho wanda ya taso tun daga cikin birni ya zo ya sa hannu da kansa. Sati uku ina jira. Da na koma sai yaron da ke riƙe da fayil ɗina ya kasa haɗa ido da ni, ya jawo kujera kusa ya rage murya yace Baba ka yi haƙuri ba za ta yiwu ba, sunanka ya fito da bashi. Nace wane bashi kuma? Sai ya ɗan juyo min da fuskar kwamfutar, ga sunana cikakke, ga BVN ɗina, ga sunan wancan ƙaramin bankin, a gefe an rubuta ana bina dubu 66, wai sama da shekara biyu ban biya ko sisi ba har an jefa ni sahun waɗanda aka fid da rai da kuɗin da ke hannunsu. Wallahi Malam Edita ji na yi kamar an watsa min tafasasshen ruwa. Kuma ba injin ne ya fara faɗo min a rai ba, kawu ne. Me zan je in ce masa? In ce an bincika an gano ɗanka mai taurin bashi ne?

Ɗan yayana ne ya warware min zare da abawa, yana karatun lauya a jami'ar ABU ɓangaren Kongo, bayan isha'i ya zo gida muka zauna a zaure yana karantowa a wayarsa yana fassara min. Ashe akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ba lasisi, ana ce musu kiredit biro, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, duk hedikwatarsu na Legas, aikinsu su tara labarin wanda ya ci bashi da yadda ya biya. Bankin da ya ba ka rance, babba ne ko ƙarami, yana tura musu sunanka da nawa ka karɓa da ko kana biya a kan lokaci, wanda kuma ka je nema wajensa sai ya leƙa can tukunna kafin ya saurare ka. Wato akwai wani littafi mai sunanka a ciki, wasu ne ke rubutawa wasu ke karantawa, kai mai sunan ba ka taɓa sa shi a ido ba. Shekarata 49 ban taɓa jin wannan magana ba, na zagaya telolin layinmu kaf na tambaya babu ko mutum ɗaya da ya sani.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ashe har doka akwai, tun 2017, Osinbajo ne ya sa mata hannu lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Dokar ta ba kowa damar ya karɓi rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara. In ka ga abin da ba daidai ba sai ka rubuta ƙorafi, ko ga kamfanin ko ga bankin da ya tura bayanin, an ba su kwana 10 na aiki su bincika su ba ka amsa, in ba su warware ba magana ta wuce CBN, in can ma ba a dace ba ƙofar kotu a buɗe take. Kuma muddin ana binciken dole a nuna a jikin rahoton cewa bashin nan ana jayayya a kansa, don kar wani banki ya gani ya yanke maka hukunci. Doka ce da aka yi dominmu, shekaru suna ta tafiya, amma babu wanda ya zo ya faɗa mana da harshen da muke ji.

Ɗan yayan nawa yace Baba mu rubuta takarda, nace a'a bari in je ƙaramin bankin in same su, mutane ne an san juna. Haka muka saba ai, magana baki da baki, a gaisa a tambayi iyali a yi ta cikin mutunci. Sau biyar ina rufe shago ina zuwa. Yau a ce manaja ya fita, gobe a ce babu netwok, jibi a ce wanda ya san fayil ɗin ya tafi hutu. A zuwa na huɗu na sami manajan, mutum mai fara'a, ya buɗe kwamfuta ya duba yace Alhaji ai ka gama biya, a littafinmu ba a binka ko kwabo, daga wajen turawa ne aka sami matsala, lokacin an canza mana tsarin kwamfuta wata biyun ƙarshe ba su tafi ba. Ka ji fa, su da kansu sun san na biya, kawai ba su gaya wa Legas ba, shekara biyu sunana na zaune cikin maciya amana ni ina nan ina ɗinkina ban sani ba. Yace in sha Allah za a gyara cikin satin nan. Wata guda ya wuce, muka sake dubawa, dubu 66 ɗin na nan daram.

Nan na koma wa maganar yaro. Da farko sai da muka nemo rasit, kuma a nan dole in yaba wa mai ɗakina, don ni da na kawo nake ajiyewa ko ina, ita ce take tsincewa tana zubawa a wani gwangwanin madara cikin akwatinta tare da katin rigakafin yara. Ta zazzage a kan tabarma muka jera su wata bi wata, goma sha biyu cif. Goman farko rubutun hannu ne da hatimi, raɗau suke. Biyun ƙarshe, waɗanda su ne ake magana a kansu, irin siririyar takardar nan ce ta injin POS, zafi ya cinye rubutun sun koma kusan fari fat, sai da muka ɗaga su saitin fitilar waya muna karkatawa kafin muka iya hango kwanan wata da adadin. Dan Allah jama'a duk wanda aka ba shi irin takardar nan a kan kuɗi mai muhimmanci, ranar ya ɗauke ta hoto ko ya yi fotokofi, ba ta jure zafin garin nan.

Takardar da ya rubuta shafi ɗaya ce tak. Sunana, BVN, lambar asusu, ranar da na gama biya, abin da rahoto ya nuna, sai abin da nake nema, a ba ni takardar shaidar cewa ba a bina bashi kuma a tura gyara ga duk kamfanonin da aka tura wa kuskuren. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, in sati biyu suka cika ba amsa zan kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, don ƙa'idarsu kenan, ka fara kai wa bankinka ka ba shi sati biyu sannan ka zo musu. Muka yi kwafi biyu, yace Baba kar ka baro wurin sai an buga hatimi da kwanan wata a naka kwafin an ba ka lambar ƙorafi. Da na miƙa, matar da ke teburin tace ka ajiye kawai Baba za mu duba. Nace 'yata ki yi haƙuri ki buga min. Tace wanda ke da hatimin ba ya nan. Nace ba komai zan jira shi, na gyara zama na ɗora hulata a gwiwa. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba, har aka kira azahar na fita na yi na dawo kujerar. Wajen ƙarfe uku aka buga. A daren yaron ya tura irin takardar ta imel ga kamfanin da muka ciro rahoton wajensu, haɗe da hoton rasit ɗin. Kwana takwas bayan nan bankin da kansu suka kira ni in zo in karɓi takardata. Abin da zirga zirga biyar da gaisuwa ba su yi ba, shafi ɗaya mai hatimi ya yi.

Ko a nan ma ba a gama ba, kuma ina so masu karatu su riƙe wannan. Kamfanin ba ya goge abu don kawai ka ce ƙarya ne, sai ya koma ga bankin da ya turo ya tabbatar, kuma gyara a ɗaya ba ya nufin an gyara a sauran. Mun duba na farko ya fita tas, muka duba na biyu bashin na nan, sai da aka sake bi aka ƙara kusan wata. In da mun tsaya a na farkon da na sake zuwa wani bankin an sake juyo min da fuskar kwamfuta.

Ranar da takardar ta shigo hannuna ban biya gida ba, cikin birni na wuce wajen kawu. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke ta a hankali ya miƙo min yace dama ni ban yarda ba, na san wanda ya haife ka. Na daɗe ban ji abin da na ji a lokacin ba. Amma azumi ya riga ya wuce, sallah ta wuce, lokacin da tela ke samun na shekara kenan, kuɗin injin kuma ya tashi ya bar inda na yi lissafi. Wannan asarar babu wanda ya tambaye ni ita, ko a yi haƙuri a rubuce ban samu ba. Ni in na makara kwana uku da biya akwai tara a kaina, su sun makara shekara biyu da faɗin gaskiya a kaina, shiru kake ji. Wannan ba adalci ba ne kuma ina faɗa da babbar murya.

Mu nan Arewa ma sai na ga kamar mun fi kowa zama a bakin ramin nan. Dubi sunayenmu, a unguwa ɗaya sai ka sami Muhammad Sani biyar, Aisha Abubakar kuwa ba a magana, da yawanmu kuma da aka zo rajista ba a san ranar haihuwa ba aka rubuta 1 ga Janairu, to suna ɗaya ranar haihuwa ɗaya gari ɗaya, in ma'aikaci ya yi sakaci da lamba guda cikin lambobi 11 na BVN ai bashin wani ya hau kan wani. Ga kuma halinmu na yarda. Wani ya shigo unguwa da jaka da fom yace tallafi ne ya zo, a kawo BVN da NIN da lambar waya, mata su yi layi su miƙa, wani lokacin har da lambar sirrin da ake turowa a waya a karanta masa. Tun da aka fito da BVN a 2014 ake cewa kar a ba kowa, amma yunwa da kunya sun fi gargaɗi ƙarfi. Rancen korona na 2020 da aka bayar ta bankin NIRSAL mutane nawa ne suka ɗauka kyauta ce daga gwamnati, ejan ya cika musu fom ya yanki kasonsa ya yi gaba, alhali bashi ne a rubuce da sunansu? Haka wanda ya tsaya wa aboki garanto don kunyar ya ce a'a, bai san ya ɗaura wa kansa igiya ba. Kuma tun watan Agustan 2020 akwai tsarin da ake ce wa GSI, yana cikin takardun da ake sa hannu wajen karɓar rance, in littafin banki ya nuna ka ƙi biya za su iya bin BVN ɗinka su ɗebi kuɗin daga asusunka na wani bankin daban. To in littafin ne ke da kuskure fa?

Na manhajojin bashi na waya kuwa ba sai na ja ba, kowa ya taɓa samun saƙon nan mai cewa wane ɓarawo ne ya gudu da kuɗinmu, a kan dubu goma a tura wa surukanka da limamin unguwarku. Hukumar FCCPC mai kare masu sayayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022 ta kuma tilasta musu rajista, sannan a 2023 aka yi dokar kare bayanan jama'a wadda ita ma ta ba mutum damar ya nemi a gyara bayanin ƙarya da aka ajiye a kansa. Dokoki dai ga su nan birjik, sanin su ne bai iso Tudun Wada ba.

Kar wani ya fahimce ni a baibai, ba ina kare masu cin bashi su shafa wa idonsu toka ba ne. Ni kaina akwai littafi a shago cike da sunayen waɗanda suka karɓi ɗinki tun sallar bariya, na san zafin abin. Wanda ya ci ya biya, kuma rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wajenmu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka ce mai rubutun ya rubuta da adalci. Ni wannan gaɓar nake riƙe da ita. In za ka rubuta ranar da na karɓa to ka rubuta ranar da na biya. Mu da muka taso muna jin ana tambaya a gaban gawa ko akwai mai binsa bashi kafin a sallace shi, ba ƙaramin abu ba ne a liƙa wa mutum bashin da ba nasa ba, ko da a kwamfutar da ke Legas ne. Shi ya sa kalmar na bar shi da Allah ɗin nan da muke saurin faɗa ba ta wadatar a nan, Allah na nan kuma shi ne gatan kowa, amma takardar ba za ta goge kanta ba, tana nan tana jiran ranar da za ka nemi wani abu. Yanzu kuma gwamnati sai ƙara tura mutane take wajen sayen kaya bashi, a 2024 har hukuma aka kafa mai suna CREDICORP don haka, kenan littafin nan kullum ƙara ƙarfi zai yi a rayuwar talaka.

Roƙona ga CBN, abu ne mai sauƙi, banki na iya turo min alat a kan naira hamsin da ya cire, me zai hana a wajabta masa ya turo min saƙo kafin ya kai sunana a matsayin wanda ya ƙi biya, in sami damar cewa tsaya ga rasit ɗina? Kuma wanda ya gama biya a miƙa masa takardar shaida a ranar ba sai ya roƙa ba. Bankin da ya ɓata wa mutum suna bisa sakaci shi ma ya ɗanɗana tara, a ba wanda aka cuta wani abu. Su kuma kamfanonin uku, yawancin hanyarsu intanet ce da Turanci, dattijon da ke sayar da hatsi a Giwa ko mai ƙosai a Gyallesu ta ina za su fara? CBN na da reshe a Kaduna, a sa tebur ɗaya mai jin Hausa da aka san aikinsa kenan, a shiga rediyo a faɗa, shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na teloli da na 'yan acaɓa su gayyato wanda ya sani ya yi wa mambobi bayani ko sau ɗaya ne a shekara. Ku ma 'yan jarida da naku, kuna ba mu labarin siyasa kullum, ku ware mana ko rabin shafi a kan irin wannan.

Yanzu haka akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, tana kitso tana sayar da itace. Da ta ji labarina wajen mai ɗakina sai tace a duba mata nata, don an taɓa karɓar BVN ɗinta da sunan tallafin zawarawa ba ta ga ko naira ba. Yaron ya duba, rancen dubu 150 ne a kanta daga wani wuri da ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Ta zauna a tsakar gidanmu tana ta juya gefen hijabinta tana cewa ni da ban taɓa shiga banki in ci bashi ba. Nata ya fi nawa wuya don babu rasit ɗin da za ta nuna, sai dai a nemi su fito da fom ɗin da aka cika a ga hoton wa ke jiki da sa hannun wa, kuma yaron yace sai an haɗa da rahoton 'yan sanda. Mun rubuta takardar, kwafi biyu, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan rufe shago in raka ta. In wakilinku na Zariya yana son ya ga takardun da idonsa, nawa da nata duk suna nan, ta ce ta yarda a nuna muddin ba za a buga sunanta ba.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naku,
Wani tela mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Zariya.